Wankin Lagireto da Ɗarin Hunturu

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu, da zafi ya san ta. Idan bazara ta kankama, watau daga watan Maris zuwa na Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Saboda haka in aka ce wa baƙo wani direba a garin Jega ya bar aikin yini guda, ya kuma kashe abin da yake samu a kwana biyu, don kawai motarsa ta riƙa hura iska mai zafi, ba mamaki ya ɗauka ba'a ake yi masa. Amma shekara ba bazara ce kaɗai ba. Daga watan Disamba zuwa na Fabrairu iskar hunturu takan taso daga Sahara da hazo da ƙura, ta busar da leɓe, ta faffasa dunduniya, kuma ɗarin da take saukewa tsakanin asuba da fitowar rana, musamman a bakin fadama, ba ya barin tsoho ya miƙe ƙafa.

Garuruwa uku ne labarin nan ya shafa, dukansu a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Jega ita ce a tsakiya, tsohon garin kasuwa da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, inda hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora. Kudu da ita, bayan an haye gulbin Zamfara, akwai Maiyama. Arewa maso gabas kuma akwai Aliero, wadda ta yi suna da abu uku: albasa, da masu ɗorin karaya da ake zuwa wurinsu daga nesa, da kuma jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a 2006.

Direban da ake magana a kansa mutumin Maiyama ne, ɗan fari a gidansu, kuma motar da yake ja ba tasa ba ce. Ta wani ɗan kasuwa ce, wanda yake jiran balas kowace yamma. Golf ce ƙira ta uku, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, ta gama zamaninta a Turai sannan ta shigo ƙasar nan, ta bi hannu da yawa kafin ta zo nasa. Da ita yake jigilar fasinja da ƴan kasuwar albasa tsakanin garuruwan nan uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da ke saura a aljihunsa bayan mai da balas da kuɗin tasha bai taka kara ya karya ba.

A hunturun da ya biyo bayan janyewar nan ne mahaifinsa, tsohon manomi, ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya. Aka kai shi Aliero aka ɗora, aka kuma ce a riƙa mayar da shi lokaci lokaci don a duba ɗorin. Da yake motar ta haya ce, babu lokacin da direban zai iya ɗaukar mahaifinsa sai bayan sallar asuba, kafin a fara lodi a tasha. Aka shimfiɗe tsohon a kujerar baya, ƙanen direban ya tallafe masa ƙafa, aka lulluɓe shi da bargo biyu, aka rufe gilasai. Duk da haka, da suka hau gadar gulbi, direban ya ji wani ƙara a bayansa, ya duba madubi, sai ya ga ashe haƙoran tsohon ne ke haɗuwa. Ga kuma numfashin mutum uku ya sa gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki, yana tuƙi yana gogewa da hannun riga. Ya murɗa maɓallin hita har ƙarshe, fanka ta yi ta kuka, amma abin da ya fito sanyi ne a kan sanyi.

Tsohon bai ce komai ba. Ko da ma can ba ya kiran sunan wannan ɗa, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole, saboda kunyar ɗan fari da ya gada daga iyaye. Wannan shirun shi ya fi damun direban. Da an yi masa faɗa, da ya sami abin da zai ce. Amma mutumin da ya ciyar da shi da gumin fartanya yana kwance a bayansa yana makyarkyata, ga inji a gabansu yana ƙona mai mai tsada yana zubar da zafi a iska, shi kuwa ya kasa juyo da ko kaɗan daga cikin zafin nan zuwa ga ƙafar da ta karye. Saura kwana shida a sake komawa.

A ranar, da azahar, ya sauke fasinja ya nufi garejin wani tsohon makanike a gefen garin Jega, wanda ya koyi sana'a tun zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Bayan sun gaisa, direban ya faɗi abin da ke tafe da shi. Yaran gareji suka dubi juna suna murmushi, domin ba su taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar hita ba. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce kada a kashe injin, ya buɗe bonet, ya kai hannu can baya inda wasu tiyo biyu suka ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin mutane. Ya taɓa na farko ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya taɓa na biyu ya riƙe shi, domin ko ɗumi sosai bai yi ba. Sannan ya tambaya, cikin harshensu na yamma:

"Ɗana, ruwan mi kaka zuba ma wagga mota?"

"Duk wanda nis samu, Baba. Na rijiya, na gulbi, wata sa'a na leda."

"Da rana tana ɗaukar zahi?"

"Tana ɗauka, Baba, in lodi ya yi yawa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya sa aka kashe injin, ya ce sai ya huce sarai kafin a taɓa shi.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da tsohon ya gano da tafin hannunsa. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya ne kawai cikin uku na ƙarfinsa ke zama tafiya. Wani kashin yakan fice ta salansa, sauran kuwa ya tsaya a jikin ƙarfe a matsayin zafi, kuma in ba a kwashe shi ba sai injin ya lalace. Ruwa ne ke kwashe shi. Akwai famfo da ke tura ruwan ta wasu hanyoyi a cikin jikin injin, ya ɗebi zafi, ya kai shi lagireto, inda yake bi ta siraran bututu masu yawa iska tana bugunsa har ya huce, sannan ya koma. Murfin da ke rufe ruwan yana matse shi, kuma wannan matsi ne ke hana shi tafasa a digiri 100 kamar ruwan tukunya, sai ya kai wajen 120. Akwai kuma wata ƴar ƙofa mai buɗe kanta, wadda makanikai ke kira tamostat. Ita takan kasance a rufe idan injin na da sanyi, don ruwan ya yi ta kewaya cikin injin har ya ɗumama, sai zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90 sannan ta buɗe hanyar lagireto.

Hita kuwa ba wata wuta ce ta dabam ba. Wani ƙaramin lagireto ne, bai fi girman littafi mai kauri ba, a ɓoye a bayan dashbod. Tiyo ɗaya yana kai masa ruwan zafi daga inji, ɗayan yana mayarwa, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa zuwa ƙafafun mutane ko zuwa gilashi. Idan mai shiga yana da zafi mai fita kuwa babu, to ruwa ba ya wucewa, hanya ta toshe. Da yake bututunsa sun fi na babban lagireto ƙanƙanta, shi ne ke fara toshewa. Watau sanyin da tsohon Maiyama ya sha a kan gada gargaɗi ne da motar ta daɗe tana yi game da lafiyar injinta, ba a dai sami mai saurare ba.

Abin da ke toshe shi kuwa abu biyu ne. Na ɗaya, ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da sinadaran ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda in an dafa su sukan kwanta su yi farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Na biyu, tsurar ruwa yana sa ƙarfe tsatsa, tsatsar kuma ta ɓanɓare ta bi ruwa ta taru a inda hanya ta fi matsi. Don haka ne masu ƙera mota suka ce a riƙa zuba ruwan nan mai launi da ake kira kulan. Mutane da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, domin in an gauraya shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Gaskiya ne babu ƙanƙara a Jega, amma a cikin ruwan nan akwai maganin tsatsa, ita kuwa tsatsa ba ruwanta da ƙasar zafi ko ta sanyi.

Da injin ya huce, tsohon ya sa aka ajiye daro a ƙasa, aka kwance tiyon gindin lagireto. Abin da ya zubo ya fi kama da ruwan gulbi a tsakiyar damina, ja-ja-ja, mai kauri. Ya kwance mazaunin tamostat, ya leƙa, ya tarar babu komai a ciki. Ya bi wayar fankar lagireto, ya ga an haɗa ta kai tsaye, tana juyawa da zarar an tayar da mota. Labarin a bayyane yake. Wata rana can baya motar ta fara zafi saboda lagireto ya soma toshewa, wani ya cire tamostat ya kuma saki fanka, allura ta ɗan sauka, kowa ya yi murna. Wannan dabara ta yaɗu ƙwarai a garejojin ƙasar nan, bisa zaton cewa tamostat kayan Turai ne. Sai dai gyaran gangar auzinawa ne: toshewar tana nan tana ƙaruwa, injin kuma da safe ba ya kai zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙima yana kuma saurin cinyewa. Direban da ya ji maganar mai, sai ya ƙara matsowa.

Kafin a taɓa hitar, tsohon ya dube shi ya ce:

"Ka ji wani abu tun yanzu. Abin ga ya tsuhwa. Wata sa'a dauɗar ita ka toshe huji. In munka wanke ta yi yoyo, sai an kwance dashbod duka an sa wata, kuma kuɗin ba kaɗan na ba. Ka yarda?"

Direban ya yi shiru. Motar ba tasa ba ce, mai ita bai san ya zo nan ba, kuma in aikin ya ɓaci ba shi da abin biya. Ya tuna da madubi, da abin da ya gani a ciki. Ya ce, "Na yarda, Baba. Tsohona shina jin ɗari."

Aka cire tiyo biyun nan daga wajen inji, aka ɗaga bakunansu sama. Tsohon ya aiki yaro kasuwa ya sayo lemun tsami, aka matse, aka tace da ƙyalle, aka sirka da ruwan ɗumi, aka ɗura har ƙaramin lagireton ya cika, aka bar shi kusan sa'a guda. Tsami yana narkar da farin ɓawon nan, amma tsohon ya gargaɗi yaransa da cewa ba kowane mai kaifi ake zubawa ba. Ruwan asid na batir cinye ƙarfen zai yi. Kanwa tana cin alminiyam, wanda da shi aka yi lagireton motocin zamani. Garin sabulu kuwa kumfa yake bari, wadda ke da wuyar fita. Bayan haka aka ɗora jarka cike da ruwa a kan rufin rumfa, aka jawo tiyo daga gare ta aka haɗa da bakin da ruwa ya saba fita, don ruwan ya bi hanyar a juye, ya turo dauɗa ta inda ta shigo. Wani yaro ya ce a kawo injin wankin mota a gama nan take. Tsohon ya hana, ya ce ƙarfin wannan ruwa zai fasa abin, nauyin ruwan jarka ya isa.

Da farko ɗigo ne kawai ke fitowa. Direban ya tsuguna yana kallo kamar mai jiran haihuwa. Can sai tiyon ya yi tari, wani curin laka baƙi ya faɗo, ruwa ya biyo shi da gudu ɗauke da ɓarɓashin tsatsa. Aka yi ta juya hanyar, gaba da baya, aka ƙarar da jarka huɗu, har ruwan ya fito garau, babu sauran tsami a cikinsa. Sannan aka sauke babban lagireto aka kifa shi aka yi masa haka, aka kuma wanke haƙarƙarinsa na waje, inda ƙurar hunturu da ɓawon albasa da matattun ƙwari suka manne suka hana iska wucewa. Jikin injin ma aka ɗauraye shi.

La'asar ta yi, aka yi salla, aka sayo tamostat da murfi sabo, domin robar tsohon murfin ta mutu, kuma ita ce ta sa motar ke yawan neman ƙarin ruwa. Tsohon bai yarda da tamostat ɗin ba sai da ya gwada. Ya ɗaure shi da zare, ya tafi wurin mai shayin da ke bakin gareji, ya zura shi cikin ruwan da ke kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa, ƴar ƙofar ta buɗe a hankali kowa yana gani, da aka fitar da ita ta sha iska kuma ta rufe. Aka ɗaura, aka mayar da wayar fanka kan makunninta na asali, aka zuba kulan da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Tsohon ya ja kunnen direban cewa kulan yana da zaƙi amma guba ne, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki. Ya ƙara da cewa kada ya kuskura ya buɗe murfi injin na da zafi, kada kuma ya kwara wa injin da ya tafasa ruwan sanyi, domin kan inji yakan tsage.

Saura aiki ɗaya, watau fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwa, wadda ita kaɗai ta isa ta hana hita aiki ko da an wanke ta. Aka tayar da mota murfi a buɗe, tsohon yana matsa tiyo da hannu, kumfa tana tasowa, ruwa yana sauka ana ƙarawa. Allura ta hau sannu a hankali ta tsaya a kan 90. Bayan wani lokaci fanka ta tashi da kanta, ta yi aikinta, ta tsaya. Tsohon ya taɓa tiyo biyun nan, duka sun yi zafi. Ya shiga motar ya zura hannu ƙarƙashin dashbod, ya shafa darduma, ya shinshina yatsunsa. A bushe suke. Ya ce a duba wurin kullum har mako guda, sannan ya ce wa direban ya sa hannu a bakin iska. Direban ya sa, ya daɗe bai janye ba.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin harshe. Bahaushe ya karɓi mota da kayanta, ya lanƙwasa sunayensu suka zauna a bakinsa daram: sitiyari, birki, giya, salansa, kafireto, lagireto. Amma in aka ce hita, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancin mutane shi ne ƙarfen nan na lantarki da ake tsomawa a bokiti. Ƙaramin lagireton da ke bayan dashbod har yanzu bai sami suna nasa na kansa ba, domin abin da ba a kula da shi ba a raɗa masa suna. Haka kuma ilmin da ke hannun irin wannan tsoho, wanda ke karanta ciwon inji da tafin hannu, yana gwada tamostat a tukunyar mai shayi, yawancinsa a baki yake, a garejojin da ba su da nisa da ɗakunan karatun jami'ar Aliero, kuma kaɗan ne daga cikinsa aka taɓa rubutawa da Hausa. Ranar da ya kwanta dama, abin da yaransa suka riƙe shi ne zai saura.

Da ranar komawa ta zo, direban ya tayar da mota tun kafin a kira salla, ya bar ta tana ɗumama. Aka fito da tsohon, aka kwantar da shi, aka lulluɓe shi da barguna biyun nan kamar wancan karo. Hazo ya rufe hanya, fitilu ba sa kai nisa, amma gilashin gaba garau yake. Suka bar Maiyama, suka hau gadar gulbi, direban ya kasa kunne bai ji komai ba. Ya duba madubi, ya ga tsohon ya ture bargo ɗaya gefe. Suka ratsa Jega, masu shayi suna hura wuta, suka kama hanyar Aliero. Sai da warin albasa ya fara shigowa motar sannan tsohon ya motsa, ya dubi ƙaramin ɗansa, ya ce:

"Kai, ce ma wancan shi rage wutag ga."

Direban ya kai hannu ya rage.